Tun Da KLM Ya Bar Kano: Lissafin Riba Da Hasara Daga Kasuwar Potiskum

Daga wakilinmu a Potiskum, Jihar Yobe

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karar shanu ta Potiskum ranar Laraba da la'asar, sa'ad da ake loda dabbobi cikin tireloli domin a nufi Legas da Fatakwal da sauran garuruwan Kudu, zai lura da cewa mai mota ba ya yanke kuɗin lodi sai ya lissafa abu biyu. Na farko shi ne abin da zai samu a tafiya, na biyu kuwa abin da zai ɗauko a dawowa, ko siminti ne, ko manja, ko katako. In babu lodin dawowa, to ko dai kuɗin tafiya ya ƙaru, ko kuwa motar ta nemi wata hanya. Wannan lissafi, wanda kowane yaron mota a garin nan ya san shi tun kafin ya iya riƙe sitiyari, shi ne kamfanin jiragen sama na ƙasar Holan, wato KLM, ya yi cikin shekarar 2012, sa'an nan ya tattara ya bar Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano bayan ya shekara 65 yana sauka a can.

Tun daga watan Yunin shekarar nan babu wani jirgin fasinja na yau da kullum da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Yammacin Turai. Mai karatu yana iya tambaya, to ina ruwan Potiskum da jirgin da ke tashi daga garin da ke nesa da ita da fiye da kilomita 300? Amsa ita ce filin jirgin Kano bai taɓa zama na Kanawa kaɗai ba. Shi ne ƙofar da ɗan kasuwar Azare, da na Gashuwa, da na Nguru, har da na Damagaram da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, yake bi ya fita duniya. Ita kanta Potiskum mahaɗa ce: hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta, ta Bauchi da Jos ta same ta a nan, haka ta Gashuwa da ta Gombe. Garin da ke cin abinci daga haɗuwar hanyoyi ya kamata ya fi kowa kasa kunne ga labarin wata mahaɗar da hanya ta kauce mata.

Zangon da hamada ta haifar

Ran 1 ga watan Nuwamba na 1925 ne wasu jirage uku na mayaƙan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun ya da zango a Maiduguri. Cikin 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe jigilar mako-mako daga Khartum zuwa Kano, ta kan El Fasher, Fort Lamy (wadda yau ake kira Njamena) da Maiduguri, kusan kan tsohuwar hanyar da alhazan ƙasar nan suka yi ƙarnoni suna bi a ƙasa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, ta kan Kano da Maiduguri ake bi da su zuwa fagen fama a Masar. Tsohon filin saukar jirgi da ke Potiskum tun zamanin Turawa yana ƙarƙashin wannan layi ne, ko da yake ba shi da jiragen yau da kullum.

Bayan yaƙi sai kasuwa ta buɗe. KLM ya fara sauka a Kano cikin 1947 a kan hanyarsa daga Amsterdam zuwa Johannesburg. Kamfanin Sabena na Beljiyam yana tsayawa in za shi Kwango, BOAC na Ingila yana tsayawa in za shi Legas da Ankara ta Gana. Ya kamata a nan a faɗi gaskiyar da masu begen zamanin da ba su cika son ji ba. Yawancin waɗannan jirage ba domin fasinjan Kano suke sauka ba. Jiragen farfela na lokacin, irin su DC-4, ba su iya tsallake Bahar Rum da hamadar Sahara su zarce Kudancin Afirka da mai ɗaya. Kano ce babban gari na farko mai fili da ruwa da masauki bayan an fito daga hamada, daidai yadda ta kasance ga ayarin raƙuman da ke fitowa daga Tarabulus da Agadas. Ke nan abin da Kano ke sayarwa a lokacin shi ne wurin da Allah ya ajiye ta, kuma irin wannan haja tana da ranar da za ta daina tsada.

Ranar ta fara ƙaratowa da zuwan jiragen Boeing 707 da DC-8 a ƙarshen shekarun 1950, ta kuma iso sosai da zuwan manyan jirage irin su Boeing 747 da DC-10 cikin shekarun 1970. Daga nan duk jirgin da ya sauka a Kano, to fasinja ko kaya ne suka sauko da shi. Kuma na ɗan lokaci akwai su. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suna aiki, injiniyoyi da masu sayen fata suna zuwa daga Turai, 'yan Labanan mazauna Kano suna kai da komo zuwa Bairut, kuɗin man fetur kuma ya sa Naira tana da ƙarfi. Nigeria Airways, wanda shi kansa KLM ya taɓa riƙe ragamar gudanar da shi bisa kwangila daga 1979 zuwa 1981, yana ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Landan da Jidda. British Caledonian yana sauka har lokacin da British Airways ya haɗiye shi cikin 1988. A Kano ɗin ne kuma Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air cikin 1980.

Ruwa ba ya tsami banza

Abin da ya biyo baya bai zo rana ɗaya ba. Cikin 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka karya darajar Naira. Dalar da ba ta kai Naira ɗaya ba a farkon shekarun 1980 ta kai Naira 22 a farashin gwamnati a tsakiyar shekarun 1990, a kasuwar bayan fage kuwa ta ninka haka. Masana'antun da ke dogara ga injuna da sinadarai daga waje suka shiga halin ni-'yasu, ga rashin wutar lantarki, ga atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. Duk masaƙar da ta rufe a Kano, wasu kujeru ne suka zama wofi a jirgin Amsterdam.

Sai kuma ran 12 ga Disamba na 1991, wata huɗu bai cika ba da ƙirƙiro Jihar Yobe, Gwamnatin Tarayya ta tare a Abuja. A ganina wannan shi ne bugun da ya fi kowanne yi wa filin jirgin Kano illa, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Kafin nan Arewa tana da ƙofa ɗaya zuwa Turai. Bayan nan sai ta sami biyu, kuma ta biyun ce ke da ofisoshin jakadanci, da ma'aikatu, da 'yan kwangila, da ƙungiyoyin agaji. British Airways a yau Legas da Abuja yake zuwa. Haka Lufthansa na Jamus da Air France na Faransa suna sauka a Abuja amma ba sa zuwa Kano. Nigeria Airways, wanda da yana iya riƙe hanya ko da ba ta kawo riba saboda na gwamnati ne, ya durƙushe cikin 2003.

Domin a gane dalilin da ya sa Abuja ta rinjayi Kano, wadda ta fi ta jama'a da hada-hada, sai an duba yadda kamfanin jirgi yake cin riba a dogon zango. Ba yawan kawuna yake dubawa ba, abin da kowace kujera ta kawo yake dubawa. Kujerar gaba, ta manya, takan ci ninki uku ko huɗu na kuɗin kujerar baya, kuma mai zama a kanta galibi ba daga aljihunsa yake biya ba, ma'aikata ce ko kamfani, saboda haka ba ya ciniki. Ɗan kasuwa mai cin gashin kansa kuwa zai zaga ofisoshin masu sayar da tikiti uku kafin ya saya, zai nemi mafi araha, sa'an nan ya zo da kaya fiye da kima. Jirgi yana iya cika maƙil da irin wannan fasinja amma a ƙarshen wata a ga hasara. Abu na biyu shi ne kayan da ake zubawa a cikin jirgin, ƙarƙashin kujerun fasinja. A hanyoyi da yawa kuɗin wannan kaya ne ke cike giɓin da ke tsakanin riba da faɗuwa, kuma kamar tirelar Potiskum, ana son a samu a zuwa, a samu a komawa.

A shekarunsa na ƙarshe KLM yana haɗa Kano da Abuja ne a tafiya ɗaya, alamar cewa Kano ita kaɗai ba ta cika masa jirgi. Kowace ƙarin sauka kuwa kuɗi ce: kuɗin fili, mai, lokacin ma'aikata, da sa'o'in da jirgin zai yi yana wata hanyar mai riba. Ana cikin haka sai ga hare-haren ran 20 ga Janairu na 2012 a Kano, waɗanda suka hallaka mutane fiye da 180. Baƙin da suka rage suka yi ta ficewa. A watan Mayun shekarar nan ne kuma 'yan bindiga suka afka wa wannan kara ta Potiskum da dare, suka kashe gomman mutane, suka ƙona dabbobi da rumfuna. Wata guda bayan haka KLM ya rufe hanyar Kano. Rashin tsaro ya ingiza bangon, amma bangon ya daɗe da tsagewa.

Wa ke biyan kuɗin?

A ɗauki misalin dillalin fatu da ƙiraga a Potiskum wanda ke son halartar bajekolin fata a Italiya, ko mai tireloli da ke son zuwa Jamus ko Holan ya duba kawunan motoci na hannu da safaya, sana'ar da garin nan ya yi suna a kanta. A da sammako zai yi, ya isa Kano da azahar, ya kwana a sama, ya wayi gari a Amsterdam. Yanzu ko dai ya bi ta Bauchi da Jos zuwa Abuja, tafiyar fiye da kilomita 600, ya biya masauki. Ko ya je Kano ya hau jirgin cikin gida, yana addu'ar kada a ɗage tashi ya rasa babban jirgin. Ko kuwa ya tashi daga Kano ta kan Alƙahira, Addis Ababa ko Doha, ya yi gabas kafin ya yi arewa. Kowace ya zaɓa, akwai ƙarin kwana da ƙarin kuɗi, kuma tikitin da Dala ake lissafa shi, Dalar da ta haura Naira 1,000 tun farkon 2024.

Hasarar da ta fi wannan girma ita ce wadda ba a gani a rasit. Mai saye daga Turai da zai sauka a Legas, a ce masa sai ya sake hawa wani jirgin sa'an nan ya shiga mota ta sa'o'i biyar kafin ya ga kayan da idonsa, yawanci ba ya zuwa. Sai ya tsaya a Legas ya yi ciniki da wakili. Wakilin ne ke sanin farashin duniya, shi ke karɓar Dala, shi ke da suna a takardun banki. Wanda ya tara fatar daga ƙauyukan Fika da Nangere kuwa, abin da aka yanka masa shi zai karɓa. Ta haka ne kayan Arewa ke fita amma a rubuta cinikin da sunan Legas, kuma kamfanin jirgin da ya duba alƙalumansa sai ya ga babu dalilin zuwa Kano.

Sai dai ba daidai ba ne a ce Kano ta mutu. Alƙibla ce ta juya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na babbar kasuwar Potiskum a yau Dubai yake zuwa, da Guangzhou ta ƙasar Sin, da Jidda, da Alƙahira, ba Manchester ba. Kamfanonin da ke sauka a Kano su ne na wannan alƙibla: EgyptAir, Ethiopian Airlines, Saudia, sai Qatar Airways da ya fara zuwa a watan Maris na 2022. Ga aikin Hajji da Umara, wanda shi ne ƙashin bayan kamfani irin Max Air. Amma a dubi abin da ke cikin jiragen nan. Suna sauka da yadi, da wayoyin hannu, da takalma, da turare. Me suke tashi da shi? Galibi mutane ne da kuɗin sayayya a aljihu. Da tirela ce, da an ce tana tafiya ba kaya tana dawowa da lodi, kuma duk mai mota ya san wanda ake ɗora wa kuɗin tafiyar banzan.

Akwai masu ganin da hannun siyasa a lamarin. A ƙarshen 2012 da farkon 2013 'yan kasuwar Kano da wasu 'yan majalisa daga Arewa sun zargi Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama ta Tarayya da hana wasu kamfanonin waje izinin sauka a Kano, zargin da ma'aikatar ta musanta. Haka kuma bayan annobar korona, an buɗe filayen Legas da Abuja ga jiragen waje ran 5 ga Satumba na 2020, amma Kano sai a watan Afrilu na 2021, jinkirin da ya ci wa fatake rai ƙwarai. Koken yana da tushe, domin izinin sauka a hannun gwamnati yake. Amma izini ba ya riƙe jirgi. Turkish Airlines ya sami izini, ya fara zuwa Kano a ƙarshen 2013, daga baya shi ma ya janye. Kuma lokacin da ƙarancin Dala ya sa kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje suka maƙale a Nijeriya, har ƙungiyarsu ta duniya, IATA, ta ce sun haura Dala miliyan 800 cikin 2023, ko Legas ba ta tsira ba: Emirates ya dakatar da zuwa ƙasar nan baki ɗaya a 2022, bai dawo ba sai ran 1 ga Oktoba na 2024. In ana rage hanyoyi, wadda ribarta ta fi ƙanƙanta ake fara yankewa.

Gini da lodi

Amsar da gwamnatocinmu suka fi bayarwa ita ce gini. An yi wa Kano sabon ɗakin fasinjojin ƙasa da ƙasa da rancen ƙasar Sin. A nan Yobe, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe filin jirgin dakon kaya na Damaturu a watan Janairu na 2023, kimanin kilomita 100 daga Potiskum, a watan ne kuma ya buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano. Babu mai musun amfanin waɗannan ayyuka. Tambayar da ta rage ita ce wadda aka fara da ita: me za a loda?

Wasu garuruwan da aka taɓa yi wa irin wannan ƙaura sun amsa tambayar ta hanyoyi dabam-dabam. Shannon ta ƙasar Ailan zangon shan mai ce ga jiragen da ke tsallake Tekun Atilantika; da ta hango cewa sababbin jirage za su riƙa wuce ta, sai aka kafa yankin masana'antu marar haraji a gefen filin cikin 1959, domin a sami abin da zai sauko da jirgi ko ba ya jin ƙishin mai. Anchorage ta Alaska ta rasa jiragen fasinja masu zuwa Asiya daga Turai bayan an buɗe sararin samaniyar Rasha a farkon shekarun 1990, amma ta koma dakon kaya, har ta shiga sahun filayen kaya mafi girma a duniya. A nahiyarmu ma, KLM ɗin da ya bar Kano bai bar Nairobi ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne furannin Kenya da ake kwasa zuwa kasuwar Holan. Habasha kuwa tana yanka awaki da tumaki a mayankan zamani na garin Mojo, ta sanyaya naman, jiragen Ethiopian Airlines su kai shi Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Misalin Habasha shi ya fi kusa da mu, shi ya kuma fi ciwo. Karar Potiskum tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ana kawo mata shanu daga Chadi da Nijar da Kamaru. Amma da rai suke barin garin, a tsaye cikin tirela, tafiyar fiye da kilomita 1,000, suna ramewa a hanya, wasu su mutu, ga shingayen karɓar kuɗi. A can ake yanka su, a can fatar da yawa take ƙarewa a tukunya a matsayin ganda maimakon ta isa majemar Challawa. Riɗi da ƙaro da zoɓo da ake tarawa a kasuwannin jihar nan kayan jirgin ruwa ne, ba su da tsadar da za ta biya kuɗin jirgin sama. Abin da jirgin sama ke so shi ne kaya marar nauyi, mai tsada, mai saurin lalacewa: sanyayyen nama, fatar da aka jeme aka rina, ɗanyen kayan lambu. Kowanne daga cikinsu yana bukatar abin da ba titin jirgi ba: mayanka mai lasisi, wutar da ba ta ɗaukewa, motocin sanyi, likitocin dabbobi da takardar shaidar lafiya wadda ƙasar mai saye za ta yarda da ita. Masu sayar da wake a kasuwar hatsi ta garin nan sun san muhimmancin takardar nan, tun da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya cikin 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, aka kuma yi ta sabunta hanin.

Mutanen Yobe ba sa bukatar a kai su Alaska kafin su ga yadda mahaɗa ke komawa ƙauye. Jirgin ƙasa ya isa Nguru daga Kano cikin 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da dabbobi na duk wannan yanki. Da harkar jirgin ƙasa ta lalace, lodi ya koma kan kwalta, wani kaso mai yawa na cinikin ya gangaro Potiskum, kuma a kan wannan sauyi ne aka tara yawancin tirelolin da ke jere a bakin hanyar Kano da ta Jos a yau.

Saboda haka shawarar da ke gaban masu dukiyar garin nan, da ƙungiyoyin dillalan dabbobi, da gwamnatin jiha, ba ta rubuta wa Amsterdam takardar roƙo ba ce. Ita ce ko akwai wanda zai ɗauki kuɗin tirela goma ya zuba a mayanka da ɗakin sanyi a kusa da kara, ko gwamnati za ta tsaya masa kan wuta da rigakafin dabbobi da takardun fitarwa, da kuma ko za a fara da kasuwar Jidda da Doha, inda jirage suke tashi daga Kano a yanzu da wurin kaya a cikinsu. Daga Potiskum zuwa filin Malam Aminu Kano tafiyar kimanin sa'a biyar ce a mota, zuwa na Damaturu kuwa ba ta kai biyu ba.